Thunder ta ci kofi da araha, yanzu lokacin biya ya zo

Tun daren 22 ga Yunin 2025, lokacin da Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers da ci 103 da 91 a wasa na bakwai, na raba gardama a jerin wasannin ƙarshe, ta ɗaga kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, masu sharhi suka fara raba mata kofunan shekarun da ba a shiga ba. Wasu suka ce uku, wasu suka ce har ƙarshen shekarun 2020 babu mai taɓa ta. Ban ga laifinsu sosai ba. Ƙungiyar ta ci wasa 68 cikin 82 a kakar, tana cin abokan karawarta da tazarar kusan maki 13 a kowane wasa, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Kuma yara ne. In ka cire Portland ta 1977, ba a taɓa samun zakara mai ƙarancin shekaru kamarsu ba.

Ni ma ina ganin ƙungiyar za ta daɗe a sama. Sai dai ba ta hanyar da mutane suke zato ba, wato a ce waɗannan fuskokin da suka ɗaga kofi su ne za a ci gaba da gani har su tsufa. Ba zai yiwu ba, dokar gasar ta hana. Abin da zai raba tsakanin daula da kofi ɗaya shi ne ko shugabannin ƙungiyar za su iya bambance ɗan wasan da ake iya maye gurbinsa da wanda ba a iyawa, sannan ko masu ƙungiyar za su zura hannu a aljihu idan ranar ta zo. A wannan gari na Oklahoma tambaya ta biyun ba sabuwa ba ce, kuma amsar da aka taɓa ba ta har yau tana yi wa magoya baya ciwo.

Yadda aka haɗa wannan tawaga sananne ne, ba sai an tsawaita ba. A Yulin 2019 babban manaja Sam Presti, wanda yake kan kujerar tun 2007, ya sallama Paul George ga Los Angeles Clippers, ya karɓo wani siririn yaro ɗan Kanada, Shai Gilgeous-Alexander, da Danilo Gallinari, da damar zaɓe biyar a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasa, da ikon musayar matsayi sau biyu. Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa kawai: a NBA ba a sayen matashi da kuɗi daga wani kulob, kowace shekara ƙungiyoyi 30 suna zaɓa ne bi da bi, wanda ya fi shan kashi ya fi samun damar zaɓa da wuri, kuma ana cinikin wannan damar kamar haja. Thunder ta sha kashi shekara biyu da gangan ko da rabin gangan, wasa 22 ta ci a kaka ɗaya, 24 a ta biye. A 2022 ta ɗauki Chet Holmgren a lamba ta 2, ta ɗauki Jalen Williams a lamba ta 12 da ɗaya daga cikin damarmakin da Clippers ta ba ta. Daga nan sai hawa: 40, sai 57, sai 68 da kofi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kofin da araha aka same shi. A kakar 2024-25 Holmgren da Williams duk suna kan kwantiraginsu na farko, wanda doka ta ƙayyade kuɗinsa, ba ya kai ko kusa da darajarsu. Shi ya sa Presti ya samu sararin ɗauko Isaiah Hartenstein daga New York kan dala miliyan 87 na shekara uku, ya musanya Josh Giddey da Alex Caruso na Chicago, daga baya ya ƙara wa Caruso shekara huɗu kan miliyan 81. Da duk wannan, ƙungiyar ba ta kai layin harajin albashi ba. Ta zama zakara ba ta biya gasar ko sisi na tara ba.

Wannan zamanin ya wuce a Yulin 2025, cikin 'yan kwanaki. Gilgeous-Alexander, wanda ya haɗa kyautar gwarzon kaka da ta wanda ya fi kowa zura maki da ta gwarzon wasannin ƙarshe a shekara guda, ya sa hannu kan ƙarin shekara huɗu na dala miliyan 285, da zai fara aiki a kakar 2027-28. Holmgren ya samu shekara biyar da za su iya kai miliyan 250. Williams shekara biyar da za su iya kai miliyan 287. Na biyun nan suna farawa ne a kakar 2026-27. Babu wanda zai ce an yi kuskure. Wanda ya zura maki 40 a wasa na biyar na ƙarshe da tsinkakkiyar jijiya a wuyan hannu, kamar yadda Williams ya yi, ba a tsayawa ciniki da shi.

To amma mu yi lissafi, don a nan maganar take. Irin waɗannan manyan kwantiragi ana auna su ne da kaso na iyakar albashin da gasar ta tsayar. Gilgeous-Alexander zai ɗauki kashi 35 cikin ɗari, sauran biyun kashi 25 kowanne a mafi ƙaranci. Mutum uku, kusan kashi 85. Iyakar albashi a kakar 2025-26 dala miliyan 154.6 ce. Ba katanga ce mai hana wucewa ba, ana wuce ta don riƙe 'yan wasan gida. A miliyan 187.9 haraji yake farawa, inda kowace dalar da ka ƙara sai ka biya gasar tara a kanta, tarar tana hauhawa gwargwadon nisan da ka yi, kuma tana ƙara tsanani ga wanda ya mai da abin al'ada shekara bayan shekara. Sai layin gargaɗi na farko a miliyan 195.9, da na biyu a miliyan 207.8. Wannan na biyun yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ce ta kawo shi, kuma shi ne dodon kowane manaja a yau. Ya kama kusan kashi 134 na iyakar albashi. Cire 85 daga 134, saura kusan 50, wato wajen miliyan 77 a kuɗin kakar 2025-26, don biyan mutum goma sha biyu. Hartenstein da Caruso da Luguentz Dort su kaɗai suna cin wajen miliyan 65 a shekara. Ragowar tara su raba miliyan goma sha wani abu? Da ƙyar zai kai mafi ƙarancin albashin gasar.

Akwai ɗan sauƙi. Sabuwar yarjejeniyar talabijin ta dala biliyan 76 na shekara 11 da Disney da NBC da Amazon tana tura iyakar albashi sama, doka ta yarda ta ƙaru har kashi 10 a shekara, alhali ƙarin shekara-shekara a kwantiragin ɗan wasa ba ya wuce kashi 8. Amma kashi 10 rufi ne, ba alƙawari ba, kuma tazarar kashi 2 ba ta biyan albashin mutum kamar Caruso.

Me ke faruwa da wanda ya tsallake layi na biyu? Ba kuɗi kaɗai ba ne, ana ɗaure masa hannu. Ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya karɓo babba ɗaya ba. Ba zai saka tsabar kuɗi a ciniki ba. Ya rasa damar da ake ba ƙungiyoyi ta ɗauko matsakaicin ɗan wasa daga waje. Ana daskarar da damar zaɓensa guda ɗaya, ta shekara ta bakwai nan gaba, ba zai iya cinikinta ba, in kuma ya zauna can shekara uku cikin biyar sai a jefa ta ƙarshen layi. Mun ga aikin dokar da idonmu. Boston ta ci kofi a 2024, Jayson Tatum ya tsinke agara a Mayun 2025, kafin Yuni ya ƙare an tura Jrue Holiday Portland, Kristaps Porzingis Atlanta, daga baya Luke Kornet da Al Horford suka kama gabansu. Denver ta ci a 2023, ta rasa Bruce Brown nan take, ta rasa Kentavious Caldwell-Pope a shekarar da ta biyo, kuma Nikola Jokic ya shafe kakanni yana jan tawagar da ba ta da benci. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ci kofi. Zuwa 2025, rabon da wata ta kare kambunta tun Golden State a 2018.

Masu cewa Thunder daban ce suna da hujja, kuma na yarda da rabinta. Boston da Denver sun sayar da gobe ne don su ci yau. Presti yana da rumbun damar zaɓe, nasa da na wasu, da zai kai shi shekaru yana ɗiba. A ƙarƙashin wannan doka, damar zaɓe ba hanyar neman tauraro ba ce kawai, hanya ce ta samun ma'aikaci mai araha na shekara huɗu. Kuma ƙungiyar ta nuna ta iya tsinto mutane inda wasu suka wuce. Dort ba wanda ya zaɓe shi a 2019. Aaron Wiggins lamba ta 55 ne. Isaiah Joe korarre ne daga Philadelphia. Ajay Mitchell lamba ta 38. Idan za ka iya fitar da irin waɗannan duk shekara biyu, ba ka tsoron tafiyar mai albashin miliyan 18.

Rabin da ban yarda da shi ba kuwa: rumbun ba ya buga wasa. Gurbi 15 ne a tawaga, ko damar zaɓe ɗari kake da ita. Kuma zaɓe caca ce ko a hannun Presti. Ousmane Dieng an ɗauke shi a lamba ta 11 a 2022, gaban Jalen Williams da lamba ɗaya, bayan an ba New York damar zaɓe uku don a same shi, bai taɓa samun tsayayyen gurbi a Thunder ba. Nikola Topic, lamba ta 12 a 2024, bai buga ko wasa ɗaya a shekararsa ta farko ba saboda gwiwa. Thomas Sorber na 2025 shi ma gwiwar ce ta kwantar da shi kafin a fara kaka. Sannan akwai abin da ɗan shekara 20 ba ya zuwa da shi daga jami'a. Duk wanda ya kalli wasa na bakwai da Denver a Mayun 2025 ya ga Caruso, wanda Jokic ya fi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, ya manne masa har ya hana a miƙa masa ƙwallo cikin natsuwa. Wannan wayon shekaru ne suke koyar da shi. Kar kuma a manta, wannan tawagar da ake cewa ba ta da na biyu sau biyu aka kai ta wasa na bakwai, kuma a na ƙarshen Tyrese Haliburton ya faɗi da tsinkakkiyar agara tun a zubin farko, amma duk da haka Indiana ce ke gaba da aka tafi hutun rabin lokaci. Tazarar da ke tsakanin Thunder da faɗuwa ba ta kai yadda wasa 68 yake nunawa ba, kuma wannan tazarar mutanen benci ne suka cike ta.

Saboda haka tambayar ba ko za a saki wani ba ce, wa za a saka a gaba. Kwantiragin Hartenstein da na Dort duk suna da shekarar ƙarshe, 2026-27, wadda ƙungiya ce take da zaɓin riƙewa ko saki. Presti bai tsara hakan da ka ba, ya daidaita ta ne da shekarar da manyan kuɗin za su fara. In ni aka tambaya, kuma na san magoya baya ba za su so ji ba, Dort ne ya fi sauƙin rabuwa. Na san shi ne wanda ya fi daɗewa tare da Gilgeous-Alexander, ya sha wuyar shekarun kashi, ya shiga jerin farko na gwanayen tsaro na gasar a 2025. Amma aikinsa, wato danne babban mai jefa ƙwallon abokan hamayya, akwai masu yinsa a gidan: Cason Wallace, lamba ta 10 a 2023, da Caruso, da Williams kansa. Wallace ya fi shi ƙuruciya da kusan shekara biyar, kuma kwantiraginsa na farko yana ƙarewa a 2027, ba za a iya biyan su biyun ba. Tsakanin mai tasowa da wanda ya kai ƙololuwarsa, ƙungiyar da take kallon 2030 ta san wanda za ta riƙe.

Hartenstein lamarinsa daban, kuma dalilin ba shi ba ne, Holmgren ne. Holmgren ya fi ƙafa bakwai, amma jikinsa ba nama. Bai buga kakar 2022-23 ba gaba ɗaya saboda rauni a tafin ƙafa. A Nuwamban 2024 ya faɗo ya karya ƙashin ƙugu, wasa 32 kacal ya buga a kakar. A kakar 2023-24, da babu Hartenstein, Dallas ta fitar da su a zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani, kuma kowa ya ga yadda dogayen Dallas suka riƙa kwashe ƙwallon da ta dawo daga kwando. Ƙungiyar da ta ɗora dala miliyan 250 kan mutum mai irin wannan tarihin jiki dole ta ajiye masa ƙato a gefe da zai ɗauki gwagwarmayar dare 82. Masu tsaron gefe ana samun su a zagaye na biyu na zaɓe. Dogon da ya iya tare hanya, ya iya miƙa ƙwallo, ya kuma san inda zai tsaya, ba a cika tsintarsa a can ba. Da ni ne, sai in sake zama da shi a tsawaita shekarun a rage na shekara-shekara.

Yanzu ga maganar masu ƙungiya. A Yunin 2012 Thunder ta kai wasan ƙarshe da Kevin Durant da Russell Westbrook da James Harden da Serge Ibaka, dukkansu ba wanda ya haura 23, Miami ta doke su da ci 4 da 1. A lokacin ma haka aka riƙa cewa, ai za su dawo sau biyar. A Oktoban shekarar aka yi wa Harden tayin wajen dala miliyan 55 na shekara huɗu, shi kuma yana neman cikakken miliyan 60 da doka ta ba shi dama. Aka tura shi Houston. Durant ya zama gwarzon gasar a 2014, Westbrook a 2017, Harden a 2018. Gwarzaye uku a gida ɗaya, aka raba su saboda tsoron haraji, kuma ƙungiyar ba ta sake ganin wasan ƙarshe ba sai bayan shekara 13. Durant ya tafi Golden State a 2016. Adalci ne a faɗi cewa daga baya masu ƙungiyar, ƙarƙashin Clay Bennett, sun biya haraji mai nauyi, musamman a kakar 2018-19. Amma sun biya shi ne kan tawagar da ta kasa wuce zagayen farko, bayan sun ƙi biyansa kan wadda za ta iya cin kofi.

Sa hannun 2025 ya nuna an koyi rabin darasin: ba a saki ko ɗaya cikin ukun ba. Sauran rabin yana nan gaba, lokacin da takardar haraji za ta iso. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne Oklahoma ƙaramar kasuwa ce, ba ta da kuɗin shigar Los Angeles ko San Francisco. Gaskiya ne. Amma a Disamban 2023 mutanen birnin suka fita suka kaɗa ƙuri'a, wajen kashi 71 cikin ɗari suka amince a ci gaba da cire musu senti ɗaya a kowace dala ta sayayya, don a gina sabon filin wasa na aƙalla dala miliyan 900. Nawa masu ƙungiyar za su saka? Miliyan 50. Ma'aikaciyar da ba ta taɓa sayen tikitin wasa ba tana biya duk lokacin da ta shiga kanti. Kuma kowa a birnin ya san yadda ƙungiyar ta zo hannunsu: daga Seattle aka ɗauko ta a 2008, bayan can an ƙi gina fili da kuɗin jama'a, don haka ƙuri'ar ba ta rasa barazana a bayanta ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda jama'a suka ɗauke wa miliyan 850 ba shi da bakin cewa harajin albashi ya fi ƙarfinsa.

Har layi na biyun ma, ban ga dalilin da za a mai da shi haram ba. Duba hukunce-hukuncensa ɗaya bayan ɗaya, kusan duk an tsara su ne don hana ƙungiya ƙaro 'yan wasa daga waje. Thunder ba daga waje take ginawa ba. Hana ta haɗa albashi don sayo tauraro bai dame ta ba, tana da uku. Daskarar da damar zaɓe ɗaya ta shekara bakwai nan gaba ba zai girgiza mai rumbu ba. Hukunci mai tsanani yana faɗawa ne kan wanda ya zauna can shekara uku cikin biyar, wato doka da kanta ta bar ƙofar shekara biyu. Babu ƙungiyar da ta fi Thunder dacewa da shiga wannan ƙofa, kuma babu lokacin da ya fi dacewa kamar tsakanin 2026 da 2028, lokacin da Gilgeous-Alexander, haifaffen 1998, yake tsakiyar ƙarfinsa.

Dalilin gaggawar yana kudu da su, a jihar Texas. San Antonio Spurs tana da Victor Wembanyama, ɗan Faransa da aka ɗauka a lamba ta 1 a 2023, da Stephon Castle wanda ya ci kyautar sabon ɗan wasa a 2025, da Dylan Harper lamba ta 2 a shekarar, da De'Aaron Fox. Spurs tana zaune yanzu a daidai kujerar da Thunder ta tashi daga kai, matasanta suna kan kwantiragin farko, tana da sararin ƙara wanda take so. Yanki ɗaya suke, don haka duk mai son kaiwa wasan ƙarshe sai ya bi ta kan ɗayan. Portland ta 1977, wadda ta fi Thunder ƙuruciya, ta ci wasa 50 cikin 60 na farkon kakar da ta biyo baya, sai ƙafar Bill Walton ta karye, kuma har yau birnin bai sake ɗaga kofi ba. Idan Presti ya saki Dort don ba Wallace wuri, zan ce ƙwallo ce. Idan aka saki Dort da Hartenstein a rani ɗaya don a tsaya ƙasa da layin haraji, wannan shawarar ba daga ofishin Presti ta fito ba, daga na Bennett ne.